Daga Butte zuwa Tumwater: nazarin lamarin Leopold Schmidt, Bajamushe mai dafa giya da ya zama ɗan majalisa

Ranar 24 ga Satumba 1914 Leopold Schmidt ya mutu a garin Bellingham na jihar Washington, a cikin wani otal nasa na kansa, yana da shekara 68. Kwana 40 cif bayan haka, ranar 3 ga Nuwamba, mutanen jihar Washington, wadda ke gaɓar tekun Fasifik a arewa maso yammacin Amurka, suka kaɗa ƙuri'a kan hana dafa giya da sayar da ita a faɗin jihar. Mutum 189,840 suka ce a hana, 171,208 suka ce a bari. Ratar ba ta kai 19,000 ba, amma ta isa ta kashe wutar tukwanen da ya kwashe shekara 18 yana hurawa a masana'antar giyarsa ta garin Tumwater.

Abin da ya sa lamarin Schmidt ya cancanci nazari shi ne mutumin ya san doka daga ciki. Yana cikin waɗanda suka rubuta tsarin mulkin jihar Montana, ya kuma zauna a majalisar wakilanta. A harkar ruwa da sanyi da sufuri lissafinsa bai taɓa kuskure ba. Inda lissafin ya ɓaci shi ne ta wace ƙofa doka za ta shigo masa.

Matuƙin jirgi, kafinta, sannan mai tukunya

An haife shi a 1846 a ƙauyen Dornassenheim da ke yankin Hesse na Jamus. Yana ɗan shekara 14 ya shiga aikin jirgin ruwa. Ya sauka Amurka a 1866, ya koyi kafinta a jihar Missouri, sannan a 1871 ya nufi Montana, wadda a lokacin yanki ce ƙarƙashin gwamnatin tarayya, ba ta zama jiha ba. Ya yi aikin katako a garuruwan masu haƙar ma'adinai har ya dire a Butte, daidai lokacin da aka fara samun azurfa a can kuma jama'a suka fara tururuwa. A 1876 ya kafa masana'antar giya ya sa mata suna Centennial, domin shekarar ce Amurka ta cika 100 da samun 'yanci. Daga baya ya yi haɗin gwiwa da wani Bajamushe, Daniel Gamer.

Ga wani abu da ba kowane mai sabon jari zai yi ba. Bayan kamar shekara biyu da buɗe masana'antar, ya bar ta a hannun abokin hulɗa ya koma Jamus, ya shiga makarantar koyon dafa giya a birnin Worms. A wannan tafiyar ya haɗu da Johanna Steiner, wadda ya aura ya zo da ita Butte. Mutum ne da ya shigo sana'ar ta ƙofar baya, ya kuma gane cewa kallon yadda wasu ke yi ba zai kai shi ba, domin irin giyar da Jamusawa suka kawo Amurka, wadda ake kira laga, ba ta yafe sakaci.

Yadda aikin yake, da inda yake ɓaci

Sai an fahimci aikin kafin a fahimci dalilin da ya sa daga baya ya bar Butte.

Farkon komai tsiro ne, kamar dai yadda masu kunun zaƙi ke tsirar da hatsi, sai dai a nan sha'ir ake tsirarwa. Ana jiƙa shi kimanin kwana 2 har danshi ya kai kashi 45 cikin 100, a baza shi a daɓe mai sanyi kwana 4 zuwa 6 ana juyawa da shebur. Idan ba a juya ba, saiwoyin sukan sarƙe, tsakiyar tarin ya ɗau zafi, ya yi fumfuna. Daga nan a busar da shi da iska mai ɗumi, a fara da ƙaramin zafi a ƙara a hankali. Wanda ya yi gaggawar ƙara wuta tun hatsin na da danshi ya kashe sinadaran da ke juya sitaci ya zama sukari, kuma babu gyara bayan haka.

Sai a ɓarza tsiron a dama shi da ruwa a zafin digiri 62 zuwa 72 a ma'aunin Selsiyos. Jamusawa na wancan zamani sukan ɗebi wani kaso na damun su tafasa shi daban su mayar, ta haka zafin ke hawa mataki-mataki ko da babu ma'aunin zafi mai kyau. A Amurka sai aka ci karo da wata matsala: sha'ir ɗin ƙasar mai jeri shida ne, furotin ya yi masa yawa, giyar takan yi hazo idan ta yi sanyi ko ta daɗe a hanya. Maganin da masu sana'ar suka samo shi ne surka shi da shinkafa ko masara, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku, a dafa su daban kafin a haɗa.

Bayan an tace ruwan zaƙin, a tafasa shi awa ɗaya zuwa biyu tare da furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hops, wanda ke ba da ɗaci yana kuma rage saurin lalacewa. A nan ma Butte na da nata. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, ruwa kan tafasa a wajen digiri 94, don haka ɗacin furen bai fita kamar yadda yake fita a gaɓar teku, sai an tsawaita tafasa ko an ƙara fure. Ganga ɗaya a ma'aunin Amurka galan 31 ce, kimanin lita 117, tana cin hatsi sama da kilo 20 da kusan rabin kilo na furen.

Wuri mafi hatsari shi ne bayan tafasa. Dole a sauko da ruwan zuwa ƙasa da digiri 10 da sauri, domin ruwan zaƙi mai ɗumi gona ce ga ƙwayoyin cutar da ke tsamar da shi. Yis ɗin laga yana aiki ne a digiri 7 zuwa 12 na kwana 7 zuwa 10, yana kwanciya a gindin tukunya. Sannan a ajiye giyar kusa da digiri sifili na makonni, wani lokaci watanni. Sunan laga ma daga kalmar Jamusanci ta ajiya ya fito. Ma'anar wannan a lissafin kasuwa ita ce jarin mutum yana kwance cikin ganguna wata biyu ko uku kafin ya ga sisi, kuma rana ɗaya ta zafi da ba a tare ba tana iya ɓata ajiyar gaba ɗaya.

Montana na da hunturu mai tsanani, saboda haka ƙanƙara kyauta ce: a yanka ta da zarto daga tafki, a jibge a rumbu, a rufe da garin katako ta kai bazara. Wannan ya rufa wa Centennial asiri a shekarun farko. Kasuwa kuma tana bakin ƙofa, domin bayan 1880 jan ƙarfe ya mayar da Butte birnin dubban ma'aikata, 'yan Ailan da 'yan Kwanwal na Ingila da sauransu, masu fita daga rami a kowace sa'a ta dare da rana. Amma garin na da iyaka. Yana tsakiyar duwatsu, nesa da teku, kuma duk abin da zai fita sai ta jirgin ƙasa a kan farashin da kamfanin jirgin ya yanka. Ga hayaƙin farar wuta da ke tashi daga gasa duwatsun ma'adinai a fili, wanda ya kashe kusan duk wani ɗanyen ganye a garin.

Me ya kai mai dafa giya majalisa?

Ba Schmidt kaɗai ba ne. A jihohin Wisconsin da Minnesota da sauran wuraren da Jamusawa suka yi yawa, an sha zaɓen masu wannan sana'a su zama kansiloli, magadan gari da 'yan majalisa. Dalili na farko a bayyane yake: suna da kuɗi, suna ɗaukar ma'aikata, suna sayen sha'ir daga manoma, kuma mashaya ita ce majalisar talakan birni a lokacin, inda ake canjin takardar albashi, ake neman aiki, ake kuma taron siyasa.

Dalili na biyu tsoro ne. Tun 1862, lokacin yaƙin basasa, gwamnatin tarayya ta ɗora harajin dala 1 a kan kowace ganga, kuma a shekarar ce masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa don su riƙa magana da murya ɗaya. Haraji abu ne da ake iya sakawa a farashi. Abin da ba ya shiga farashi shi ne hani. Jihar Maine ta hana barasa tun 1851, Kansas ta bi a 1881. Wani mai masana'anta a garin Salina na Kansas, Peter Mugler, ya kai ƙara yana cewa an mayar da gininsa kango ba tare da diyya ba. A 1887 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa jiha na da ikon yin haka domin kare lafiya da tarbiyyar jama'a, kuma ba ta da bashin kowa. Daga ranar duk mai tukunya a Amurka ya san cewa dukiyarsa tana rataye ne a kan dokar jiharsa.

Shekara biyu bayan wannan hukunci aka buɗe wa yankuna huɗu ƙofar zama jihohi: Dakota ta Arewa, Dakota ta Kudu, Montana da Washington. Dakota biyun suka shigo da hanin barasa a tsarin mulkinsu. A Washington an gabatar da batun daban a takardar ƙuri'a, jama'a suka yi watsi da shi. A Montana wakilai 75 suka zauna a Helena daga 4 ga Yuli zuwa 17 ga Agusta 1889, ƙarƙashin shugabancin attajirin jan ƙarfe William A. Clark, kuma Schmidt na cikin wakilan da suka fito daga Butte. Takardar da suka rubuta ba ta hana barasa ba. Abin da aka fi tunawa da ita shi ne sassaucin harajin da ta yi wa masu ma'adinai, wanda ya nuna ko su wane ne masu gari. Montana ta zama jiha ranar 8 ga Nuwamba 1889, Schmidt kuma ya samu kujera a majalisar wakilai daga gundumar Silver Bow, inda Butte take.

Majalisar da ya shiga ba abin alfahari ba ce. Rikicin ya taso ne daga gundumarsa, a rumfar zaɓe mai lamba 34, inda leburorin shimfiɗa layin dogo suka kaɗa ƙuri'a kusan dukkansu ga jam'iyyar Demokrat. Hukumar tattara sakamako, wadda 'yan Rifablikan suka fi yawa a cikinta, ta soke rumfar. Kujeru 5 na Silver Bow suka rataya a kan wannan, kuma su ne masu yanke wanda zai yi rinjaye. Sai kowane ɓangare ya rantsar da nasa biyar ɗin, aka wayi gari da majalisar wakilai biyu, kowace na zama a zaurenta tana cewa ita ce ta gaskiya. Majalisar dattawan jihar kuma ta rabu 8 da 8, har wasu 'yan Demokrat suka tsallake iyakar jihar don kada adadin masu zama ya cika. A lokacin majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatocin tarayya, don haka Montana ta aika mutum huɗu kan kujera biyu: Wilbur Sanders da Thomas Power daga Rifablikan, Clark da Martin Maginnis daga Demokrat. Majalisar Dattawan Amurka ta karɓi na Rifablikan. Zaman kwana 90 ya ƙare ba a kafa doka ko ɗaya ba, har kasafin kuɗin gudanar da jiha. Sai a zaman 1891 aka sasanta ta hanyar raba kujerun biyar.

Duk wanda ya zauna a wannan zaure zai fita da darasi ɗaya: majalisa wuri ne da ake iya tsayar da abu. 'Yan tsiraru masu haɗin kai suna iya hana doka fitowa na shekaru, ta kwamiti, ta ƙin halartar zama, ta ciniki. Masu sana'ar giya a faɗin Amurka sun dogara da wannan, kuma na tsawon lokaci ya yi musu aiki.

Ruwan majema

Babbar ribar da Schmidt ya ci daga siyasa ba doka ba ce, tafiya ce. A 1894 aka yi ƙuri'ar zaɓen babban birnin Montana tsakanin Helena, wadda Clark ke mara wa baya, da Anaconda ta abokin gabarsa Marcus Daly. Helena ta ci da ratar da ba ta kai ƙuri'a 2,000 ba. Maganar gina majalisa ta taso, kuma a kan wannan batu Schmidt ya je Olympia, babban birnin jihar Washington, inda su ma suka fara aza harsashin tasu. Labarin da ake bayarwa a garin shi ne a shagon aski ya ji zancen wasu maɓuɓɓugai a Tumwater, ɗan ƙaramin gari kudu da Olympia, inda kogin Deschutes ke gangarowa ta kan duwatsu ya faɗa teku. Ya je ya ɗanɗana, ya aika da ruwan ɗakin gwaji, sannan a 1895 ya sayi filin wata tsohuwar majema a gindin gangaren ƙarshe.

Ruwan irin wanda ke ɓuɓɓugowa da kansa ne. Yana kwance cikin tsakuwa da yashi a ƙarƙashin wani shimfiɗin ƙasa mai tauri da ba ya barin ruwa ya ratsa, kuma tushensa yana wuri mafi tudu, don haka da an huda sai ya hau ba tare da famfo ba. Amfaninsa ga mai dafa giya uku ne. Sanyinsa ba ya canjawa rani da damina. Ƙazantar saman ƙasa ba ta kai masa. Sannan ba shi da nauyin gishirin ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne muhimmi ga giya mai haske: damun tsiro yana son ɗan tsami, tsakanin 5.2 da 5.6 a ma'aunin pH, kuma ruwa mai yawan sinadarin bayikabonet yana ture shi sama, sai sukari ya ƙi fita sosai, ɓawon hatsi ya saki bauri, ɗacin furen ya yi kaushi. Abin da ya ɗaga sunan garin Pilsen na ƙasar Cek tun 1842 ke nan, ruwansa mai laushi. A zamanin da ba a ƙware wajen gyara ruwa da sinadarai ba, wanda ya mallaki irin wannan maɓuɓɓuga ya mallaki abin da abokin takara ba zai saya a kasuwa ba.

Filin yana da wasu abubuwa biyu da Butte ba ta da su. Gangaren ruwa na ba da ƙarfin juya inji. Kuma a lokacin wurin yana daidai inda ruwan teku ke kaiwa idan ya cika, don haka ƙananan jiragen ruwa na iya ɗaukar kaya daga bakin masana'anta zuwa tashoshin Puget Sound, mashigin tekun da ya kutsa cikin jihar, daga can zuwa ko'ina a gaɓar Fasifik. Tsohon matuƙin jirgi ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Abin da wurin ya rasa shi ne ƙanƙara, domin hunturun gaɓar ba ya daskarar da tafki. Da shekara 20 kafin haka ne, da wurin bai yi ba. Amma injin sanyaya mai aiki da amoniya, wanda Carl von Linde ya inganta a Jamus a shekarun 1870, ya riga ya yaɗu, kuma tun 1883 Emil Hansen na kamfanin Carlsberg a Denmak ya nuna yadda ake ware yis iri ɗaya tsantsa a riƙa renonsa. Schmidt ya zo a daidai gaɓar da fasaha ta cire wa sana'ar dogaro da yanayi, ta bar ruwa da hanya su zama abin takara.

Ya kawo ɗan'uwansa Louis ya kula da gini. A Oktoba 1896 kamfanin Capital Brewing ya fara sayar da giya, ya kuma sayar da hannun jarinsa na Butte. Shekara ɗaya bayan haka aka samu labarin zinariya a yankin Klondike na Kanada, dubban mutane suka bi ta tashoshin Puget Sound zuwa Alaska, kasuwa ta buɗe ta arewa. Kai kaya nesa yana buƙatar kwalba mai jure hanya, kuma nan ma lokaci ya yi masa daidai: an ƙirƙiro murfin ƙarfe mai haƙora a 1892, an iya ɗumama kwalabe a wajen digiri 60 na kimanin minti 20 don kashe abin da zai tsamar da su, kuma tun 1890 aka sassauta dokar harajin da a da ta tilasta a zuba giya a ganga, a liƙa mata hatimin haraji, a kai ta wani gini daban kafin a ɗura a kwalba.

A 1902 aka canja sunan kamfanin zuwa Olympia Brewing, aka ɗauki taken talla mai cewa sirrin yana cikin ruwan. A 1906 aka gina sabon ɗakin dafawa na jan bulo mai hawa shida. Tsayin ba don ado ba ne: ana hawar da hatsi da ruwa sama sau ɗaya, daga nan nauyinsu ke gangaro da su daga injin ɓarza zuwa tukunyar damu, zuwa matata, zuwa tukunyar tafasa, ba tare da famfo a kowane mataki ba. Babban ɗansa Peter, wanda aka haifa a 1880, shi ya riƙe ɓangaren dafawa.

Tsakanin 1902 da 1909 Schmidt ya baza jari: masana'anta a Bellingham, wata a Salem ta jihar Oregon, Acme a San Francisco ta jihar Kalifoniya bayan girgizar ƙasar 1906, da wata a Port Townsend ta Washington. Bai yarda a buga sunan Olympia a kan abin da aka dafa da wani ruwa ba, kowace masana'anta da nata suna. A fuskar kasuwa wannan rarraba hatsari ne. A fuskar doka kuwa, huɗu daga cikin biyar ɗin suna cikin jihohi biyu maƙwabta masu irin jama'a ɗaya da irin siyasa ɗaya.

Ƙofar da ba a tsare ba

Masu adawa da barasa sun canja salo. Ƙungiyar Anti-Saloon League, wadda aka kafa a Ohio a 1893, ba ta tsayar da ɗan takara nata. Takan duba wanda zai goyi bayanta a kowace jam'iyya ta tura masa ƙuri'un majami'u. Kuma ta zaɓi abokin gaba mai sauƙin nunawa: mashaya. A nan masu masana'antu su suka haƙa wa kansu rami. Injin sanyaya da manyan tukwane sun sa ana dafa fiye da abin da kasuwa ke sha, sai kamfanoni suka shiga gasar buɗe mashaya, su biya wa mutum kuɗin lasisi da haya da kayan shago bisa sharaɗin ba zai sayar da ta kowa ba sai tasu. Mashaya suka yi yawa har ciniki bai isa kowa ba, mai shago da bashi ya yi wa katutu sai ya buɗe ranar Lahadi, ya sayar wa yara da wanda ya riga ya bugu, ya ba caca da karuwanci wuri. Matan da albashin gida ke ƙarewa a can ba su buƙaci wani ya yi musu wa'azi ba.

Matakan a Washington sun zo ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne shi kaɗai bai yi kama da ƙarshen zance ba. A 1909 majalisa ta ba garuruwa da yankunan karkara ikon hana mashaya a cikin iyakarsu. A 1910 mata suka samu 'yancin ƙuri'a. A 1912 aka gyara tsarin mulkin jihar ta yadda jama'a za su iya tattara sa hannu su kai doka kai tsaye akwatin zaɓe, ba tare da ta bi ta majalisa ba. Wannan na uku shi ne ya rushe katangar. Duk dabarun da ake yi a kwamiti, duk sanayya da 'yan majalisa, ba su da amfani a kan takardar da ba za ta taɓa shiga zauren ba. A zaɓen farko da aka yi amfani da sabuwar hanyar, a 1914, batun hani ya hau takarda a matsayin shawara ta 3. Manyan birane, Seattle da Tacoma da Spokane, suka ƙi. Karkara da ƙananan garuruwa suka rinjaye su. A ranar ce kuma Oregon ta yi irin wannan ƙuri'a, ita ma ta hanyar shawarar jama'a, kuma dokokin biyu suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 1916.

Dokar Washington ta farko na da wani lungu da ya ƙara wa masu masana'antun gida ciwo. Ba ta hana sha ba. Mutum na iya karɓar takardar izini daga ofishin gunduma ya shigo da kwat 12 na giya, wato ɗan sama da lita 11, ko kwat 2 na barasa mai ƙarfi, duk kwana 20. Ke nan kuɗin mashayan jihar suka koma wa kamfanonin Kalifoniya, yayin da tukwanen Tumwater ke sanyi. Cikin biyar ɗin Schmidt, Acme ce kaɗai ke gefen da ake sayarwa, ita ma na ɗan lokaci. Montana, wadda ya taimaka wajen rubuta mata tsarin mulki, ta kaɗa tata ƙuri'ar hanin a 1916, sannan gyara na 18 ga tsarin mulkin tarayya ya rufe ƙasar baki ɗaya a Janairu 1920. Bisa hukuncin Mugler, babu wanda aka biya diyya.

'Ya'yansa sun gwada juya injinan zuwa ruwan tuffa mai suna Appleju, abin bai ɗore ba, aka sayar da ginin bulon. Suka koma harkar otal, suna cikin waɗanda suka haɗa kamfanin Western Hotels a 1930, wanda daga baya ya zama Westin. A 1933, shekarar da aka soke hanin, Peter Schmidt ya tara jari ya gina sabuwar masana'anta, wadda ta fara sayar da giya a 1934. Bai koma gindin gangaren ba. Ya hau tudu kusa da babban titi da layin dogo, domin a lokacin mota da jirgin ƙasa sun karɓe aikin da jirgin ruwa ke yi, amma bai yi nisa da ruwan ba, rijiyoyin sabon wurin daga ƙarƙashin ƙasar Tumwater suke ɗiba.

Kamfanin ya yi kusan shekara 50 a hannun iyalin. A shekarun 1970 ya sayi kamfanonin giya na Hamm's a Minnesota da Lone Star a Texas don ya yi girman da zai iya karawa da manyan kamfanonin ƙasa, bai kai ba, ya faɗa hannun kamfanin Pabst a 1983. A wannan lokaci kowace masana'anta na iya tace ruwa ta cire masa gishiri ta mayar da wanda take so, don haka maɓuɓɓugar ta zama abin talla kawai. Kamfanin Miller, wanda ya karɓi ginin daga baya, ya rufe shi a 2003, aka ci gaba da dafa giya mai sunan Olympia a Kalifoniya. Wani kamfani ya sayi wurin da niyyar ɗura ruwan a gora ya sayar, ya karye kafin ya fara. Daga ƙarshe hukumomin biranen Olympia da Lacey da Tumwater suka haɗu suka karɓi haƙƙin ɗibar ruwan rijiyoyin domin famfunan jama'a.